Abinci Tukuna, Sannan Kifi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta a 'yan shekarun nan, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi da Dawakin Tofa da Minjibir, zai lura da wani baƙon abu a bayan gidaje: tankin tamfol da aka ɗaure a jikin ƙarafa, ko ɗan ginin bulo mai kaiwa ƙugu da aka ja wa bututu. Tarwada ake kiwo a ciki, kuma mafi yawan masu wannan kiwo matasa ne. Dalilin a fili yake. A wannan yanki gona tana manne da gona, gadon kaka an raba an sake rabawa har kowa ya tashi da ɗan fegi. Tun a shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano, ya bayyana yadda ake nome ƙasar kowace shekara ba hutu, ana raya ta da takin da jakuna ke ɗaukowa. Yau jama'a ta ninka, ƙasar kuwa tana nan yadda take. Saurayin da ba shi da inda zai faɗaɗa noma, in aka ce masa fili mai girman ɗaki ɗaya zai ɗauki ɗaruruwan kifi, dole kunnensa ya tashi.

Kuma ba a yaudare shi ba. Hukumomin tarayya sun sha faɗin cewa Najeriya tana buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Giɓin ne ake ƙoƙarin cikewa da daskararren kifin da ake shigowa da shi daga ƙetare. Kasuwa tana nan, ɗana, kuma sana'ar halal ce mai rufin asiri. Abin da ke damun masu lura shi ne yawan tankunan da ake gani a bushe bayan zubi ɗaya ko biyu, tamfol ɗin ya koma shimfiɗar shanya barkono. In aka tambayi mai shi, zai ce ciwo ne ya shiga, ko irin ne ba shi da kyau, wani ma ya ce baki ne. In aka zauna aka bi lissafin da shi a hankali, sau da yawa sai a tarar yunwa ce ta fara, sauran suka biyo baya.

Wannan kuskure ba na 'yan karkarar Kano kaɗai ba ne. A Amurka da Turai da Japan akwai masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi don ado, suna haɗa ruwan gishiri da kansu, kimanin giram 35 a kowace lita, su sa fitila da injin tace ruwa. Cikin kifayen da suka fi ɗaukar idonsu akwai wani ɗan ƙarami da suke kira mandarin, wanda tsawonsa bai fi santimita shida zuwa takwas ba. Asalinsa yammacin tekun Fasifik ne, daga tsibiran Ryukyu na Japan, ta Filifin da Indunusiya, har zuwa Ostareliya, inda yake zaune a lungunan murjani marasa igiyar ruwa. Jikinsa zane ne na shuɗi da ruwan lemo da kore, sai ka ce da hannu aka yi masa. Masana sun gano cewa yana cikin 'yan tsirarun dabbobi masu ƙashin baya da shuɗinsu launi ne na gaske a cikin ƙwayoyin fata, domin a yawancin dabbobi shuɗi wasan haske ne kawai. Ba shi da ɓawo, sai wani kauri na yauƙi mai wari da ɗaci da ke kore masu son cinye shi, yana kuma kare shi daga wasu cututtukan fata da ke addabar sauran kifaye.

To amma wannan kifi mai wuyar kamuwa da ciwo yana cikin waɗanda suka fi mutuwa a hannun sababbin masu kiwo. Bakinsa ɗan mitsitsi ne. Abincinsa wasu ƙananan ƙwari ne na ruwa, dangin jatan lande, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, suna rayuwa a jikin duwatsu da yashi. Ba ya zama ya ci ya ƙoshi sau biyu a rana. Yini yake yi yana bin dutse a hankali, ya tsaya ya duba, ya tsinci ɗaya, ya matsa gaba. Wanda aka kamo daga teku sau da yawa ba ya ko kallon busasshen abincin gwangwani, in ma ya kalla, kafin ya yanke shawara sauran kifaye masu zafin nama sun wawushe. Mai shi yana ganinsa kullum yana tsince-tsince, yana zaton lafiya lau, alhali ya riga ya cinye ƙwarin da ke cikin akwatin tun makonnin farko. Sai cikinsa ya fara shafewa, gefen jikinsa ya lotsa, wata rana a wayi gari ya mutu da adonsa cif.

Waɗanda suka daɗe a harkar sun san maganin, kuma maganin haƙuri ne. Suna cewa kada a sa mandarin a sabon akwati. A bari ya yi aƙalla wata shida, wasu ma su ce shekara, da duwatsu masu rai da yawa a ciki, har ƙwarin su hayayyafa su kafu. Akwatin ya kasance babba, na lita ɗari biyu ko fiye, don abin da kifin ke ci kullum kada ya fi abin da ƙwarin ke haifa. Da yawa suna haɗa wani ƙaramin akwati a gefe, mai ciyawar teku, inda babu kifi ko ɗaya, ƙwarin su yi ta yaɗuwa ruwa yana kwararo da su. Wasu har kiwon ƙwarin suke yi a kwalabe. Ba a haɗa maza biyu, domin faɗa za su yi, ba a kuma haɗa shi da kifin da ke cin irin abincinsa. Daga baya wasu gonaki a Florida da tsibirin Palau sun fara ƙyanƙyashe shi suna koya masa cin abincin hannu tun yana ƙarami, abin ya yi sauƙi, amma ko su ba su ce a daina tanadin ƙwarin ba. Wato mai son mandarin da gaske yakan shafe watanni yana kiwon abin da ido ba ya gani sosai, kafin ya sayi abin da ya ba shi sha'awa.

Manomin arewacin Kano bai kamata a koya masa wannan ba, domin ya san shi a wani fannin. Mai turkar rago ba ya zuwa kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi sai ya ga harawa a kan rumfa da buhun dusa a ɗaki. Ragon ma yana da sauƙi, in abinci ya yanke ana iya sakinsa ya yi kala a gona. Kifin da ke cikin tamfol ba shi da kala. Abin da hannun mai shi ya jefa, shi ne duniyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga lissafin da ya kamata ka yi a takarda, ɗana, kafin ka kira mai 'ya'yan kifi. Da abinci mai kyau da kulawa mai kyau, tarwada tana cin kilo ɗaya zuwa ɗaya da ɗan ƙari kafin ta ƙara kilo ɗaya na nama. Wanda ya zuba dubu yana son kowace ta kai kilo, yana magana ne a kan abinci kilo 1,000 zuwa 1,200. Buhun abincin kifi kilo 15 ne. Ka raba ka gani: buhu 67 zuwa 80. Shi ya sa masana harkar ke cewa abinci kaɗai yana cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na duk kuɗin kiwon. 'Ya'yan kifin da ake ɗoki a kansu, da tamfol ɗin da ake ɗaukar hotonsa a sa a Facebook, su ne ƙaramin kashi.

Inda tarkon yake shi ne wannan ci ba a shimfiɗe yake daidai cikin watanni ba. A watan farko kifi dubu ba sa cin abin a zo a gani, buhu kaɗan ya ishe su, sai saurayi ya ce ashe abin da sauƙi, tsoratarwa ce kawai ake yi. A wata na uku cin ya ninka ya sake ninkawa. A na huɗu da na biyar kuwa buhu guda ba ya kwana biyu. Daidai lokacin ne kuɗin da aka samu daga sayar da gyaɗa ko akuya ko tsohon babur ya ƙare. Sai a fara rage awo, a koma ciyarwa sau ɗaya, a fara tsallake rana, a shiga neman bashi wurin 'yan uwa waɗanda su ma damina ta sha musu kai. Wanda kuɗinsa buhu ashirin zai saya, kifinsa ɗari biyu da hamsin ne zuwa ɗari uku. Ya zuba su, ya ciyar da su su ƙoshi, ya sayar, ya juya. Zai riga mai dubun da ke jin yunwa ganin riba, ko da abokai sun yi masa dariyar ƙaramin farawa.

Farashi ma ba ya jiran kowa. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yuni, kuɗin abincin kifi ya yi tashin gwauron zabo. Na waje irin su Coppens da dala ake shigo da shi. Wanda ake yi a gida, kamar Vital na Jos ko Blue Crown na kamfanin Olam, shi ma da masara da waken soya ake yinsa, kuma duk wanda ke leƙa kasuwar Dawanau ya san yadda waɗannan suka yi. Masu kiwo da yawa, har da manya, sun rufe a lokacin. Hikimar da ta fito daga wannan ita ce mutum ya sayi abincin aƙalla wata uku ya ajiye tun kafin zubi, a kan katako, nesa da danshi da ɓera, kuma ya san inda kuɗin sauran zai fito. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tarwada mai jin yunwa ba ta zama ta rame shiru irin na mandarin. 'Yar uwarta take ci. Ko a cikin zubi ɗaya, na uwa ɗaya, akwai waɗanda ke yin wuf su fi saura girma, masu kiwo suna ce musu shuta. In aka bar su, kansu ya yi faɗi, bakinsu ya isa haɗiye na ƙasa da su, to kullum sai adadi ya ragu ba tare da an ga gawa ko ɗaya ba. Ranar kwashewa mai dubu ya ƙirga ya tarar da ɗari shida, ya fara zargin maƙwabta da yaran unguwa, har zumunci ya ɓaci a banza. Maganin shi ne warewa: duk mako biyu a watanni biyun farko, da sanyin safiya, kafin a ba su abinci, a rage ruwa a fitar da manya daban, matsakaita daban. Wannan yana nufin tanki ɗaya bai isa kiwo ba. Gara ƙanana biyu ko uku da babba guda.

Girman ƙwayar abincin ma yana da ƙa'ida. Ana farawa da mai laushi ƙasa da milimita ɗaya, a hau zuwa 2, zuwa 3, zuwa 4, zuwa 6, gwargwadon buɗewar baki. Wanda ya yi gaggawar hawa don manyan ƙwayoyi sun fi araha, ƙananan kifinsa za su yi ta bin abincin da ba za su iya haɗiya ba, manya su ƙoshi, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙara faɗi.

Idan aljihu ya yi zafi, hankali yakan koma kan abin da ke kusa: dusa, ƙanzo, ragowar tuwo. Tarwada za ta ci, amma ba za ta yi nama da su ba, domin tana buƙatar abincin da sinadarin gina jiki ya kai kashi 40 cikin ɗari ko kusa da haka, dusa kuwa ba ta ko kama ƙafar wannan. Abin da za a samu shi ne kifi mai ƙaton kai da siririn jiki, da ruwa mai tsami. Akwai dai taimako na gaske a karkara ga mai ƙwazo. Gara da shinge da tana abinci ne mai kyau. Tsutsar wani baƙin ƙuda da ake kiwo a kan ragowar kayan lambu ta fara karɓuwa a ƙasashen Afirka da dama. Hanjin kaji daga wurin masu fiɗa yana yi, in an dafa shi. Waken soya sai an soya ko an dafa, domin ɗanyensa yana ɗauke da abin da ke hana narkewar abinci. Ƙuli-ƙuli yana da amfani, amma wanda ya yi funfuna guba ne ga hantar kifi, kamar yadda yake ga ta mutum. Duk waɗannan ƙari ne a kan abincin buhu, musamman bayan kifi ya yi ƙwari. Haɗa cikakken abinci a gida ilimi ne mai zaman kansa, har da awon bitamin, kuma masu kiwo sun san wani ciwo da ke tsaga ƙoƙon kan tarwada wanda ake dangantawa da ƙarancin bitamin C.

Mushen kaji kuwa, da wasu ke kwasowa daga gonakin kaji su watsa a ruwa, a bar shi. Ba a san abin da ya kashe kazar ba, ruwa yana ɓaci, kuma malamai suna da magana a kan dabbar da aka raina da ƙazanta. Ko ba wannan, a ƙauye labari ba ya ɓuya. Ranar da aka ce kifin wane mushe yake ci, ko kyauta ya bayar sai an yi masa kallon biyu.

Akwai kuma kishiyar yunwa, wadda ta fi kama masu sabon ɗoki. Mutum ya tsaya a bakin tanki yana jin daɗin yadda ruwa ke tafasa da kifi, ya yi ta watsawa. Ƙananan kifi ba su san ƙoshi ba, cikinsu yakan kumbura har ya fashe. Abin da ya rage kuma ya nutse ya ruɓe, ya haɗu da kashinsu ya zama sinadarin amoniya mai ƙona musu gaɓoɓin numfashi. Gwanin ciyarwa yana jefawa kaɗan-kaɗan a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, yana kallo. Da ya ga zafin rububin ya ragu, sai ya ɗaure bakin buhu. Wannan tsayuwar ta minti goma ita ce asibitin kifi: a nan ake gane wanda ya ware kansa, da wanda gashin bakinsa ya fara cinyewa, da wanda fatarsa ta yi fari-fari. In aka ga kifi sun rataye a tsaye a saman ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ba sa motsi, ruwan suke ƙara. Ruwa ba ya tsami banza. A sauya shi tukuna, a dakatar da abinci na yini, kafin a ruga kantin magani. Yawan zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa shawarar likitan dabbobi ba asarar kuɗi ce, kuma ragowarsa tana bin naman zuwa cikin wanda ya ci.

Tarwada tana da wata halitta a cikin kai da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take daɗewa a caɓi inda karfasa za ta mutu nan take. Wannan juriya ce ke ruɗar mutane su ɗauka ba ta damu da tsabta ba. Tana rayuwa a ruwa mai datti, amma ba ta girma a ciki, kuma girman ake saya.

Saboda haka tambaya ta biyu bayan abinci ita ce ruwa, kuma a arewacin Kano tambaya ce mai nauyi. Damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Ƙasar jigawa ba ta riƙe ruwa, shi ya sa ramin ƙasa bai cika yi ba sai a fadama mai laka, ko kusa da madatsun da aka gina a shekarun 1970, irin su Tomas a yankin Ɗambatta da Watari a Bagwai. Mai tamfol ko bulo yana buƙatar sauya ruwa duk kwana biyu ko uku in kifi sun girma, wani lokaci kullum. Wanda zai sayi wannan ruwa a wurin 'yan garuwa, ko ya ja shi da guga daga rijiyar da gida ke sha a watan Afrilu, ya sake tunani. Rijiyar burtsatse mai sola ita ce ta sauƙaƙa wa da yawa, kuma ba laifi matasa uku ko huɗu su haɗa kai a kusa da guda ɗaya. Wanda ke gefen Jakara a Minjibir kuma ya tuna cewa kogin yana ɗauko dattin birni, kuma Getsi da ke zuba a cikinsa ta unguwar masana'antu ta Bompai ta ratso. Binciken jami'o'i ya sha nuna ƙarafa masu guba a wannan ruwa. Sabon ginin siminti shi ma yana da kaifin da ke kashe kifi, sai an jiƙa shi mako biyu ana zubarwa ana wankewa.

Ruwan da aka zubar daga tanki ba shara ba ne. Taki ne narkakke. Mai hankali yana jan shi zuwa 'yan kunyoyin alayyafo, yakuwa, tumatir ko gindin zogale da ayaba, maimakon ya sake shi a lungu ya tara sauro da ƙorafin maƙwabta. A ƙasar da kakanni suka raya da taki a bayan jaki, zubar da irin wannan ruwa a banza abin kunya ne.

Sai lokaci. Tarwada ta fi cin abinci da girma a ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. A tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, daren Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ruwan tamfol da ke sama da ƙasa yana bin iska ya yi sanyi ƙarara. Kifi sukan daina ci, ƙanana su yi ta mutuwa. Sabon shiga kada ya fara zubinsa na farko a wannan lokaci. Wanda sanyi ya riske shi da kifi a ruwa ya rufe tankin da leda da dare, ya jinkirta abinci sai rana ta ɗaga, ya rage yawansa, ya kuma yi amfani da ruwan burtsatse da ke fitowa da ɗuminsa. A bazara kuma rumfa ake nema, don zafin Afrilu yakan haura digiri 40.

Wasu matasan, da sun yi zubi ɗaya, sai su ce su ƙyanƙyasa za su shiga, a nan kuɗi yake. Aikin yana da daɗin kallo: a yi wa uwa allura, bayan kamar awa goma zuwa sha biyu a matse ƙwan, a haɗa da ruwan namiji, cikin kwana guda a ga dubban 'ya'ya suna motsi. Kwana uku na farko suna rayuwa da guzurin da suka fito da shi a ciki. Ranar da ya ƙare, matsalar ɗan kifin Fasifik ce ta dawo sak: baki ƙanƙane, kuma ya fi son abu mai rai mai motsi. Shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke sayen gwangwanin atimiya, ƙwan wani ɗan ƙwaron ruwan gishiri da ake kwasowa daga wurare irin su babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka, mai tsadar gaske. Wasu kuma suna rainon ƙwarin ruwan daɗi a wani tanki daban da ɗan takin kaji, kwanaki kafin a yi allurar. Wanda ya ƙyanƙyashe kafin ya tanadi wannan, cikin mako guda zai ga ƙasan tankinsa ya yi fari da gawa. Ƙyanƙyasa ta bari sai hannu ya faɗa, kuma a koye ta a gaban wanda ya iya. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan Ɗambatta, akwai cibiyar irin kifi ta Bagauda, akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Wata biyu na yi wa wani tsohon mai kiwo hidima, ana wanke tanki ana ɗaukar buhu, ya fi bidiyo ɗari a waya.

Wajen sayen iri, araha ba ta ado. Akwai masu sayar da ragowar da suka ƙi girma bayan an tsince na kirki, sun tsufa a ƙanƙance, ko an ba su abincin duniya ba za su motsa ba. Sabon shiga ya sayi waɗanda suka ɗan tasa, masu tsawon yatsa ko fiye, masu kai ɗaya, daga wurin da zai iya komawa ya yi ƙorafi. Ya je da kansa ya ga yadda suke cin abinci. A ɗauko su da sassafe a jarka mai buɗaɗɗen baki, in an iso a riƙa haɗa ruwan jarka da na tanki a hankali, kuma kada a ba su abinci sai sun huce gajiyar hanya.

Ke ma 'yata, wannan sana'a ba ta fi ƙarfinki ba, ta wani fannin ma ta fi dacewa da mai zama a gida, domin kifi ya fi son idon da ba ya nisa. Matan da suka riƙe kaji da awaki shekara da shekaru sun riga sun san awo da lokaci. Abu biyu dai: a rufe tanki da raga mai ƙarfi, saboda zalɓe da guza, kuma fiye da komai saboda yara masu rarrafe, domin ruwan da ya kai gwiwa ya isa ya yi ɓarna. Sannan kuɗin abincin kifi a raba shi da kuɗin cefane da na biki. Littafi ɗan ƙarami da ake rubuta ranar zubi, adadi, buhun da aka buɗe da wanda ya mutu, shi ke nuna ko ana gaba ko ana baya.

Saura sayarwa, inda da yawa ke zubar da wahalar wata biyar cikin awa ɗaya. Dillalan da ke kai kaya kasuwar kifi ta titin Galadima a Sabon Gari, da masu gashi da farfesu a cikin birni, manya suke so, kilo ɗaya zuwa sama, kuma suna biyan kowane girma da farashinsa. Sun san mai kiwon da abinci ya ƙare wa, daga muryarsa a waya suke ganewa. Sun kuma san cewa da zarar an zubar da ruwa, kifi na kwance a robobi, mai shi ba shi da bakin cewa a'a. Don haka a nemi mai saye fiye da ɗaya tun saura wata guda, a yanke farashin kowane girma kafin a buɗe bututu, a tsaya a kan sikeli da ido biyu, in da hali a zo da na gida a gwada. Bashi kuma a yi taka-tsantsan da shi, kifin da ya shiga mota ba ya dawowa.

Wanda ya ga abincinsa ba zai kai shi wata biyar ba yana da mafita mai mutunci: ya tsaya a wata uku, lokacin da kifi ke tsakanin giram 300 zuwa 500, ya yi banda. A wanke da gishiri a cire yauƙi, a fitar da kayan ciki, a lanƙwasa, a jera a kan raga a rabin ganga ko tanderun laka, wuta a hankali har ya bushe sosai. Kilo uku zuwa huɗu na ɗanye ke ba da kilo ɗaya na busasshe, sai a sa wannan a lissafin farashi. Banda ba ta gaggawa, ana iya kai ta kasuwannin ƙauye a sayar da kaɗan-kaɗan, kuma matan gida masu miya su ne kasuwar da ba ta yankewa. In ƙwari suka fara shiga, a mayar da ita kan wuta a sake busarwa. Kada a kusance ta da fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba irin waɗannan a kayan abinci. A adana ta a kwando ko kwali mai shan iska, a rataye nesa da ƙasa, a riƙa duba ta duk bayan 'yan kwanaki, musamman in damina ta kawo danshi.